Magen da Na Ce Ta Mutane Ce

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgi bai zo ba, har yau ban san kamanninsa ba. Na zauna a kan akwatina ina kallon ƙofa tana buɗewa da kanta tana rufewa da kanta, duk baƙin mutumin da ya shigo sai in miƙe in gyara mayafi. Lambar da ejan ya ba ni a Kano tana shiga, ba a ɗauka. Can kuma ta daina shiga gaba ɗaya. Wasu mata 'yan kasuwa ne da muka shigo jirgi ɗaya suka lura da ni, suka ce, "Baiwar Allah, ke kuma wa kike jira?" Na ce mai shagon ɗinkin da zan yi wa aiki, an ce har ɗaki ya tanadar mini. Suka kalli juna. Babbarsu, wata Hajiya mai haƙorin Makka, ta ce, "Tashi mu je, an damfare ki." Haka ta faɗa a gaban kowa, ko sassauta murya ba ta yi ba.

A wata unguwa da ake ce wa Al Buteen suka sauka, a wani ƙaramin otal kusa da bakin ruwa, ni kuma na shimfiɗa zanena a ƙasa tsakanin gadajensu. A nan Hajiyar ta duba fasfona ta gaya mini bizar ziyara ce aka buga mini, ba ta aiki ba. Da suka gama sayayya suka koma gida, sai suka damƙa ni a hannun wasu, waɗannan ma suka damƙa ni a hannun wasu. Na zama mai ɗaurin kaya. In bi Hajiyoyi lungu-lungu ina riƙe musu ledojin abaya da turare da takalma, da yamma in tattake kaya a buhu in naɗe da salatif. Ni Saude, da nake da kekuna biyu da 'yan koyo a Bichi, na sayar da su duka don in zo in yi dako. In ƙanena ya kira daga gida sai in fita bakin ruwa inda jiragen katako suke, in ce masa aiki na tafiya lafiya lau, iska ce kawai ta yi yawa ba na jin sa sosai.

Wata rana na raka kaya ofishin kago, inda ake aika kaya gida, ina durƙushe ina rubuta sunan mai kaya a jikin buhu, sai na ji an ce, "Ke ba 'yar Malam Idi mai gyaran rediyo ba ce?" Na ɗaga kai na ga Alhaji Mamman, aminin mahaifina, wanda tun ina ƙarama ake cewa ya tafi ƙasar Larabawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na gaishe shi a durƙushen da nake, gumi na ɗiga daga haɓata, ya yi kamar bai ga buhun ba. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, amma bai tambayi mijina ba, bai kuma ce ina yara ba. A nan na gane labarina ya riga ni isowa.

Tunda na fara, bari in faɗa. Na yi shekara goma da wani abu a gidan miji ban taɓa ko ɓatan wata ba. Daga baya jini ya matsa mini, aka ce ƙari ne a mahaifa, za a yi aiki a cire ƙarin. Da na farfaɗo, sai da na kwana biyu kafin wata nas ta ce mini a fakaice ai gaba ɗaya aka cire. Likita ya fito tsakiyar aiki ya yi magana da maigidana, maigidana ya ce a yi. Wataƙila gaskiyarsu ce, wataƙila da ba a yi ba da na mutu. Amma ni ba a tambaye ni ba, kafin aikin ba wanda ya ce mini hakan na iya faruwa. Auren bai daɗe ba bayan nan. Na koma gidanmu, duk sunan da aka yi a unguwa ni ce mai ɗinka kayan fitar suna, in na shiga gidan barka sai hira ta tsaya. Abin da ya fito da ni ke nan, ba talauci ba.

Alhaji Mamman, da nake ce wa Baba, shi ya yi ta faɗi-tashi har aka gyara mini zama, aka ɗauke ni aiki a wani sito a Jebel Ali inda ake zuba dabino a kwali. Mota ta kwashe mu da asuba ta dawo da mu bayan magariba, tsakanin nan ba ka ganin komai sai kwantena a kan kwantena. Aikin ba ya kashe mutum. Hutun rana ne yake kashe ni. Da an zauna cin abinci kowace mace sai ta zaro waya, 'yan Filifin da 'yan Nefal da 'yan Uganda, kowa na nuna hoton ɗanta, wannan ya fara tafiya, wannan ya ci jarrabawa. Ranar da aka juyo kaina na nuna hoton 'ya'yan ƙanena na ce nawa ne. Wata 'yar Nefal ta sumbaci wayar, washegari ta kawo mini ribbom guda biyu ta ce in aika wa macen. Na karɓa na yi godiya, na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

Sai a shekara ta uku na samu ɗinkin da ya kawo ni. Wani shagon abaya kusa da babbar kasuwar 'yan Sin ya ɗauke ni, na koma unguwar International City da zama. Baba ne ya samo mini gado a wani fulat na ƙasa a ginin da yake zaune, shi yana hawan sama tare da abokan aikinsa. Mu huɗu ne mata a ɗakin. Wadda muka fi shaƙuwa ita ce Adiza, 'yar zangon Kumasi, tana shara a wani otal. Hausarta ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "ya zo, ya tafi" ne, in na yi mata dariya ta ce ai mu Kanawa ne muka wahalar da kanmu. Ga faɗa ga kyauta. Ba ta taɓa tambayata yara ba, ni ma ban taɓa nuna mata hoton kowa ba.

Magen kuwa a tsakiyar zafi ta zo, irin zafin nan da in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka yarfe hannu. Na dawo daga aiki na same ta kwance a barandarmu, ƙarƙashin inda ruwan na'urar sanyi ke ɗiga, bakinta a buɗe, duk haƙarƙarinta a waje. Fara ce da ɗigon toka a goshi, doguwar fuska, irin magen titin garin nan. Ni ba mai son dabba ba ce, a gida in mage ta shigo kicin muciya nake ɗauka. Na zuba mata ruwa a murfin roba don kada ta mutu a ƙofarmu, shi ke nan niyyata. Washegari na same ta a wurin. Na gutsura mata kifin gwangwani. Kafin wata ya ƙare ta san ƙarar takalmina, tun daga bakin titi take tarbo ni tana gaba tana waiwaye har ƙofa.

Cikin ɗaki dai ba ta shiga, don ɗaya daga cikinmu na da asma. Na sa mata kwali a baranda na shimfiɗa tsohon zanena. In na idar da sallar magariba sai in fito in zauna a ƙasa, ta hau cinyata, in yi ta ba ta labarin wanda ya ɓata mini rai a shago. Adiza ta sa mata suna Madam, wai don ba ta cin abin da ya kwana. Ni ban taɓa kiran ta da suna a gaban mutane ba, "ke" nake ce mata, in zan yi zancenta in ce "waccan". Akwai sunan da nake kiran ta da shi in mu biyu ne, sunan da na daɗe da ajiyewa don wata daban, ba kuma zan rubuta shi a nan ba.

Adiza ce ta fara gani. Ta tsaya da burushi a baki ta ce, "Sista Saude, Madam ya yi ciki."

Na ce, "Ƙiba ce, ke dai ba kya rabo da sharri."

"Ƙiba a gefe da gefe? Taɓa ki ji."

Na taɓa. Ban ji komai ba a ranar, sai bayan kwanaki, ina shafa ta, wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafin hannuna. Na janye hannun da sauri kamar na taɓa wuta, na sake mayarwa. Ban taɓa jin wannan motsin ba, ko a jikina ko a jikin wata, don ko matar ƙanena da take cewa in taɓa ba na yarda. Daɗin da na ji a ranar ba zan ɓoye shi ba. Na fara sayo mata hanta. Na canja kwalin da babba, na yi masa rufi, na ɗinka 'yar katifa da ƙyallayen shago. Ina ɗinkin ina jin kunyar kaina, mace mai furfura a gaban goshi tana haɗa wa mage kayan haihuwa, amma ban fasa ba.

Ana cikin haka mai gadin ginin ya tare ni ya ce kamfanin da ke kula da gine-ginenmu ya kafa doka. Duk magen da ke harabar, mai uban gida da marar shi, dole a yi mata aiki, muzuru a fiɗiye shi, mace a cire mata mahaifa. Mai mage ya kai tasa da kansa, sauran kuma za a zo da tarko a kwashe. Na ce masa mai ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kullu sem-sem, halas." Wato duk ɗaya ne, magana ta ƙare.

Na shiga ɗaki na zazzage wa Adiza abin da mai gadin ya ce. Adiza ta ce in kwantar da hankali, wai ai a otal ɗinsu ma haka aka yi, kuma gaskiya kukan muzurai ya ragu. Na ce mata ni ban ce kada kowa ya yi ba. A gida ma ana dandaƙe bunsuru ya zama taure, amma mai akuya ne ke cewa a yi, kuma ba a taɓa bin garke kaf a dandaƙe ba. Wannan kuwa wasu ne suka zauna a ofis mai sanyi suka yanke cewa daga yau kada wata mage ta ƙara haihuwa. Kalmar dole ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Adiza ta kalle ni ta ce, "Wannan faɗa naki ya fi mage girma." Na ce ta ji da shararta.

Aka ce za a yi taron masu haya ranar Asabar bayan la'asar, mai magana ya zo ya yi. Sai na shiga bin Hausawan ginin ɗaki-ɗaki ina roƙon su zo su mara mini baya. Allah Ya sani na sha kunya a wannan yawon. Wani ma'aikacin banki ɗan Kaduna ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Anti, mutane na fama da biza ke kina fama da mahaifar mage?" Matarsa ta shige kicin, ina jin dariyarta ta cikin ƙarar famfo. Wasu samari 'yan kago suka sa mini suna Uwar Mage, in na wuce sai ɗaya ya yi kukanta ƙasa-ƙasa. Na tambayi malamin da ke ja musu salla, ya yi gyaran murya ya kalli gefe, ya ce malamai sun saɓa, wasu sun hana wasu sun yarda in akwai maslaha. Na fito da abin da na shiga da shi. Wurin Baba ne kawai ban je ba. Ta yaya zan buɗe baki in yi zancen ciki da mahaifa a gaban aminin ubana, wanda kuma ya san abin da ya sani?

Akwai wata Baturiya da ke zuwa da yamma tana zuba wa magunan unguwa abinci, ita ce ma ta kawo wa kamfanin shawarar. Ta same ni a baranda ta tsuguna tana yi wa magen wasa. Mace ce mai kirki, ba zan ci amanarta ba. Ta nuna mini hotuna a waya, 'ya'yan mage da zafi ya kashe a bayan kwandon shara, wasu mota ta taka, wasu ido ya ruɓe. Ta ce kowace shekara haka take kwasa tana binnewa. Ban iya kallo har ƙarshe ba, kuma na san ba ƙarya take yi ba. Da guntun Turancina na ce mata na ji, amma wannan tana da mai kula da ita, 'ya'yanta ba za su kwana a shara ba. Ta ce kowa haka yake cewa.

Ranar taron Adiza tana aiki, ta nemi canji ba ta samu ba. Da safe ta sa ni na maimaita abin da zan faɗa har sai da ya zauna, ta ce, "Kar ki kalli kowa, kalli bango." An jera kujeru a farfajiyar shiga ginin. Manajan, wani Ba'indiye mai gilashi, yana gaba da Baturiyar. Mutane sun zo da yawa, amma yawancinsu zancen wurin ajiye mota ya kawo su. Hausawa kuwa sun cika layin baya, na san kallo suka zo yi. Baba yana gaba a matsayin dattijonmu, in an yi maganar da ta shige wa wani duhu shi ke fassarawa.

Da aka zo kan maguna na miƙe. Na kalli bango na ce ban zo hana kowa ba, wanda ya ga dama ya kai tasa. Na ce amma kada a yi dole, a tambayi mai abu tukuna. Na ce wadda ke ɗauke da ciki, me ta yi da za a buɗe ta a zubar, a bar ta mana ta sauka. Turancin ya watse mini a tsakiya, na ƙarasa da hannu. Wata tsohuwa 'yar Iran ta buga sandarta a ƙasa ta ce gaskiya ne, wani Bafilifine ma ya ce shi tasa ta tsufa, aiki zai kashe ta. Aka ɗan yi hayaniya. Manajan ya yi shawara da Baturiyar, sannan ya ce dokar tana nan, amma an yi sassauci. Duk magen da ke da mai ita, in tana da ciki ko ciwo, za a jira. Sai dai mai ita ya faɗa yanzu a gaban kowa cewa tasa ce, ya ɗauki nauyinta da na abin da za ta haifa.

Na samu abin da na zo nema ke nan. Kalma ɗaya ta rage.

Manajan ya ce farar nan ta barandar ƙasa, ta wace ce? Ya kalle ni, ya kalli Baba. Kafin in buɗe baki wani daga layin baya ya ce da Hausa, "Ai 'yarta ce," aka kwashe da dariya. Baba ya juyo yana murmushi, ya ce, "Saude, wai taki ce?"

Duk wanda ya tashi a inda na tashi ya san abin da ake yi a nan. Uwata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, in baƙo ya ce wannan ɗanki ne sai ta kau da kai ta ce na mutane ne. Ba wanda ke ɗauka da gaske. Na kusa da ita ne ke cewa, ai nata ne, kunya take ji. Ban shirya ba, ban yi tunani ba. Babba ya tambaye ni a gaban maza, ga kalmar 'ya tana yawo a wurin, sai kawai hannuna ya ja mayafi, bakina ya ce, "A'a Baba, ta mutane ce."

Na sunkuyar da kai ina jiran wanda zai ƙarasa mini. Ba wanda ya ce komai. Sai na ji muryar Baba da Turanci yana gaya wa manajan wai ta ce ba tata ba ce. Manajan ya ce to, ya wuce zancen ajiye mota. Ina tsaye, maganar na bakina, ga idanun samarin nan a bayana. In ce na fasa, tawa ce, bayan na musa a gaban dattijo? Na zauna. Na ce a raina ba komai, an ce sai sati mai zuwa masu tarko za su zo, ranar Litinin da ofis ya buɗe zan je ni kaɗai in gyara.

Ranar Lahadi na dawo daga shago ba wanda ya tarbo ni a bakin titi. Kwalin na nan, katifar na nan. Mai gadi ya ce motar ta zo ginin maƙwabta da safe, sai suka haɗa da namu don kada su yi sawu biyu. Ya ce ba ta ba su wahala ba, da aka miƙa hannu ita ta taho da kanta.

Da sassafe ranar Litinin ina ƙofar ofis. Na ce wa manajan tawa ce, tawa ce, na faɗa ya fi a ƙirga, yanzu da ba kowa a wurin bakina ya buɗe. Ya cire gilashi ya ce, Madam, a gaban mutane kika ce ba taki ba ce. Duk da haka ya ɗaga waya ya kira. Ya saurara, ya ajiye, ya ce tun jiya da rana aka gama.

Baturiyar ce ta dawo da ita da kanta bayan kwana biyu, a cikin keji. An aske cikin, ga ɗinki, an kuma yanke ƙarshen kunnenta ɗaya, alamar da suke yi don kada a sake kamawa. Cikin ya lafe kamar an zare wani abu daga jaka. Ban tambaya ba, ita ce ta ce 'ya'yan huɗu ne, kuma sun kusa. Idonta ya kawo ruwa, ta ce me ya sa ban faɗa ba, ita da kanta ta roƙa mini sassaucin. Na nemi yadda ake cewa alkunya da Turanci na rasa. Na ce mata sori, ni ce ma na ba ta haƙuri.

Magen ta yi kwanaki tana shiga kwalin tana fitowa, tana tona katifar, tana wani siririn kuka da ban san ta da shi ba. Nononta ya kawo. Ta ɗauke safar Adiza daga kan igiya ta kai cikin kwali ta kwanta a kai tana lasa. In na zauna takan zo ta hau cinyata kamar da, ba ta riƙe ni da komai ba, wannan kuwa ya fi yi mini ciwo. Na san wurin ɗinkin nan, na san yadda yake ja in za ka miƙe. A cikin kwanakin nan ne na gaya wa Adiza komai, har hoton 'ya'yan ƙanena. Da na gama ta tashi ta dafa mini shayi.

Na daina bin ƙofar gaba don kada in haɗu da Baba. Adiza kuwa ba ta iya barin magana a ciki. Ranar Juma'a ta hango shi ya dawo daga masallaci, ta fizgi hannuna har gabansa, ta ce, "Alhaji, kai ne babba, kai ka san Hausa. Ya ce na mutane ne, kai kuma ka juya shi haka ɗanye?"

Baba ya ce, "Ikon Allah. To me na yi? Abin da ta faɗa na faɗa. Na zaci ma gudun ɗawainiya take yi, na ce bari in rufa mata asiri." Ya juyo wurina. "Saude, in taki ce me ya hana ki ce taki ce?"

Na ce, "Baba, kai ka tambaye ni. A gaban mutane."

Sai ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda abu ya ba shi mamaki. Ya ce, "Haba Saude. Da 'yar mutum ce ai da na gane. Wa ya taɓa jin an yi wa mage alkunya?"

Bai rufe baki ba na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya kalle ni, ya kalli barandar, ya sake kallona, sannan ya sauke ido kan carbinsa. Duk kunyar da na sha a ƙasar nan, daga filin jirgi har dakon buhu, ba wadda ta kai ta wannan tsayuwar. Abin da na ɓoye wa kaina ma, ga shi a fili a gaban aminin ubana. Na zare hannuna daga na Adiza na shige ɗaki.

Washegari bayan la'asar ina baranda ina shafa mata magani a wurin ɗinkin, na ji sallama. Baba ne, da babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, riƙe da 'yar leda. Bai taɓa zuwa ƙofarmu ba. Ya tsaya daga waje, ya miƙo ledar ta saman ƙarfen baranda, na karɓa da hannu biyu, hanta ce. Ya tattare riga ya tsuguna a kan siminti, dattijo da ciwon gwiwa, samarin kago na wucewa suna kallo bai kula su ba.

Ya ce, "Yaya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

"Tana cin abinci?"

"Tana taɓawa."

"Allah Ya ƙara sauƙi." Ya koma jan carbinsa, har na zaci ya gama. Sai ya ce, a hankali, yadda ake faɗa a zaure, "To Saude, yaya muka ji da haƙurin jikoki?"

Tunda nake a duniya ba a taɓa yi mini gaisuwar uwa ba sai ranar, ita ma ta ta'aziyya ce. Na ja mayafi na rufe fuskata, na ce, "Da godiya, Baba."